Ta Baya, Ta Gefe, ko Ta Gaba: Zaɓin Hanyar Tsaga a Tiyatar Sauya Gaɓar Kwatangwalo da Tasirinsa ga Majiyyaci

Tsakure

Tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo tana cikin ayyukan fiɗa da suka fi samun nasara a wannan zamani. Duk da haka, likitocin ƙashi ba su haɗu a kan hanya ɗaya ta isa ga gaɓar ba. Wasu ta baya suke shiga, wasu ta gefe, wasu kuma ta gaba. Wannan maƙala ta bayyana asalin waɗannan hanyoyi da irin naman da kowacce take ratsawa, sannan ta kawo abin da bincike ya gano game da gocewar gaɓa, ɗingishi, saurin murmurewa da buƙatar sake aiki. Ta kuma waiwayi yayin ƙaramar tsaga da aka yi a farkon wannan ƙarni, kafin ta dubi yadda maganar ta shafi majiyyacin ƙasar Hausa, wanda ciwonsa da yanayin zamansa suka bambanta da na mutanen da aka tattara yawancin alƙaluman a kansu.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2007 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya kira sauya gaɓar kwatangwalo da tiyatar ƙarni. Kirarin bai zarce gona da iri ba. Mutumin da ciwo ya hana shi barci, ya hana shi sanya takalmi da kansa, yakan tashi ya taka ƙafarsa washegarin aikin, wani lokaci ma a ranar. Wani nazarin da mujallar ta sake bugawa a 2019, wanda ya dogara da kundayen rajista na ƙasashen Ostareliya da Finland, ya nuna cewa kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin da aka dasa suna nan suna aiki bayan shekara 15, kusan kashi 58 kuma suna kaiwa shekara 25.

To amma kafin likita ya dasa komai, sai ya isa wurin. Gaɓar kwatangwalo tana binne ne cikin tsokoki mafiya kauri a jikin ɗan'adam, kuma manyan jijiyoyi suna wucewa ta gabanta da bayanta. Babu ƙofar da za a buɗe a shiga ba tare da an taɓa wani abu ba. Majiyyaci tabo kawai yake gani a fatarsa, ya auna tsawonsa da yatsa, alhali abin da zai tabbatar da ko zai yi ɗingishi ko gaɓar za ta goce masa yana ƙarƙashin tabon ne: wace tsoka aka yanke, wacce aka ture gefe, wacce aka mayar aka ɗinke.

Akwai buƙatar daidaita wasu kalmomi tun daga nan. Kalmar "jijiya" a Hausa tana ɗauke da abubuwa uku da likitan fiɗa ba zai taɓa haɗa su ba, domin kuskure a kan kowanne yana da nasa sakamako. A wannan maƙala, "jijiyar saƙo" ita ce mai kai umarnin motsi da dawo da ji tsakanin laka da sassan jiki, "jijiyar jini" ita ce magudanar jini, "agara" kuma ita ce igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Haka nan "tsaga" tana nufin yankan da aka yi wa fata, "hanya" kuma tana nufin dukkan bin da aka yi daga fata har zuwa ƙashi.

2.0 Ƙirar Gaɓar da Abin da Ake Sauyawa

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. Guringuntsi mai santsi ya lulluɓe fuskokin biyu, sannan wata jaka mai kauri ta naɗe gaɓar gaba ɗaya. Idan mutum yana tafiya a hankali, nauyin da ke sauka a kan wannan ƙwallo ya fi ninki biyu na nauyin jikinsa. Dalili shi ne duk lokacin da ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, tsokokin gefen kwatangwalon ɗaya ƙafar sai sun ja da ƙarfi don kada ƙugu ya karkace. Waɗannan tsokokin gefe suna kama ne a wani tudun ƙashi da kowa zai iya shafawa a gefen cinyarsa ta sama. Wannan tudu da tsokokinsa su ne za su yi ta dawowa cikin bayanin da ke tafe.

A tiyatar, ana yanke lalataccen kan ƙashin, a goge gurbin a zaunar da ƙoƙon ƙarfe mai shimfiɗar roba ko tangaran a ciki. Daga nan a huda ramin ɓargon cinya a cusa sandar ƙarfe, a ɗora mata sabon ƙwallo. Ke nan likita yana buƙatar ganin wurare biyu da kyau, wato gurbin ƙugu da bakin ramin cinya. Hanyar da ta buɗe ɗaya sosai takan ɓoye ɗayan, kuma daga nan ne mafi yawan saɓanin ya samo tushe.

3.0 Yadda Charnley Ya Shiga

An yi ta gwaje-gwaje tun kafin a dace. Themistocles Gluck ya gwada gaɓar hauren giwa a Berlin a wajajen 1891, Philip Wiles kuma ya dasa ta ƙarfe a Landan a 1938. Wanda ya kafa aikin a kan tafarkin da ake bi yau shi ne John Charnley na asibitin Wrightington da ke arewa maso yammacin Ingila. Ya fara da ƙoƙon Teflon, wanda ya lalace cikin 'yan shekaru a jikin kimanin mutum 300, ya kuma tilasta masa sake buɗe su. A watan Nuwamba na 1962 ya koma ga wata roba mai tauri, ya haɗa ta da ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 22 da simintin ƙashi.

Hanyar da Charnley ya bi tana da ban tsoro ga mai jin ta a yau. Yakan sare tudun ƙashin nan na gefe gaba ɗayansa, ya ɗage shi sama tare da tsokokin da ke jikinsa, ya gama aiki a fili, sannan ya mayar da shi ya ɗaure da waya. Ganin da hanyar take bayarwa ba shi da na biyu. Matsalarta ita ce an ƙara wa majiyyaci karaya da gangan. Wani lokaci ƙashin ya ƙi haɗewa, wayar ta tsinke, mutum ya koma yana ɗingishi da ciwo a gefe. Saboda haka aka yi ta barin ta sannu a hankali, har ta zama sai a aikin gyara mai wuya ake waiwayar ta. Ƙaramin ƙwallon nasa ma ya bar gado: ƙaramin ƙwallo ba ya saurin cinye roba, amma ya fi saurin fita daga ƙoƙo, kuma shekaru da yawa ana ɗora wa hanyar tsaga laifin da wani ɓangarensa na ƙwallon ne.

4.0 Hanyar Baya

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a Ingila da ƙasashe da dama. Asalinta yana komawa ga Bernhard von Langenbeck da Theodor Kocher a ƙarni na 19, sannan Austin Moore na jihar Carolina ta Kudu a Amurka ya yaɗa wani salonta a shekarun 1950. Ana kwantar da majiyyaci a kan gefensa mai lafiya, a tsaga daga gefen cinya a lanƙwasa zuwa mazaunai. Babbar tsokar mazaunai ba a yanke ta, raba ta ake yi bisa tsawon zarenta. A ƙarƙashinta akwai wasu gajerun tsokoki masu juya ƙafa waje. Su ake cirewa daga ƙashi tare da bayan jakar gaɓa, sai ga gaɓar a fili.

Fa'idarta a bayyane take. Tsokokin gefe, waɗanda tafiya ta dogara da su, ba a taɓa su. Ramin cinya yana fuskantar likita kai tsaye. Idan aka ci karo da abin da ba a zata ba, kamar tsagewar ƙashi, ana iya ƙara tsawon tsagar zuwa ƙasa yadda ake so. Ba ta buƙatar gado na musamman. Haɗarin da ke kusa shi ne babbar jijiyar saƙon da ke gangarawa ta bayan cinya. Idan ta ji rauni, majiyyaci kan kasa ɗaga tafin ƙafarsa, ya riƙa jan ta. Wannan ba kasafai yake faruwa ba.

Abin da ya daɗe yana ɓata mata suna shi ne gocewar gaɓa. Tunda katangar baya aka rushe, idan mutum ya zauna a ƙasa-ƙasa, ya haɗa gwiwoyi, ƙafar ta juya ciki, ƙwallon yana iya zamewa ta baya ya fita. Ciwon yana da tsanani, ƙafar takan gajarta nan take, kuma sai an koma asibiti an sa mutum barci an ja ta. Mafi yawan irin wannan gocewa a watanni ukun farko take aukuwa, kafin nama ya warke ya kama. Wanda ta goce masa sau biyu ko uku yakan rasa natsuwa da jikinsa, ya ji tsoron sunkuyawa ɗaukar abu, kuma a ƙarshe yakan buƙaci sabon aiki.

Maganin da aka samo bai da wani sarƙaƙiya: a mayar da abin da aka cire. A 1998 Paul Pellicci da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗinke jakar gaɓa da gajerun tsokokin a jikin ƙashi ya rage gocewa ƙwarai. Wani nazari na 2006 da ya tattara sakamakon bincike da dama ya sami gocewa kashi 4.46 cikin 100 inda ba a yi wannan ɗinki ba, da kashi 0.49 inda aka yi. Bambancin ya kusan ninki tara, a hanya ɗaya, ta tsaga ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sunan hanya ba ya bayyana aikin da aka yi a cikinta. Duk wanda ya kawo alƙaluman shekarun 1980 don ya soki hanyar baya ta yau, yana sukar wani aiki ne da aka riga aka daina.

5.0 Hanyar Gefe

Kevin Hardinge, shi ma na Wrightington, ya bayyana wannan hanya a 1982, a matsayin mafita ga mai son shiga ta gefe ba tare da sare ƙashi ba. Ana tsaga tsokokin gefe, a ɓamɓare ɓangarensu na gaba daga tudun ƙashi, a shiga gaɓar ta gabanta. Da yake katangar baya tana nan lafiya, gocewa tana da ƙaranci sosai. A wani nazari na 2002 da ya kwatanta hanyoyi huɗu, ita ce ta fi kowacce ƙarancin gocewa, da kashi 0.55 cikin 100.

Kuɗin wannan kwanciyar hankali tsokar gefe ce take biya. Idan agarar da aka mayar ba ta kama ƙashi ba, ko kuma tsagar ta haura ta taɓa jijiyar saƙon da ke ratsawa kimanin santimita 5 sama da tudun, ƙugu zai riƙa faɗawa ɗaya gefen a kowane taku. Majiyyaci kan karkata kafaɗarsa zuwa ɓangaren da aka yi wa aiki don ya rama. Likitoci suna kiran wannan tafiya da sunan Friedrich Trendelenburg, Bajamushen da ya siffanta alamar a 1895. Wani bincike da aka yi a Norway aka buga a 2014, wanda ya tambayi majiyyata kai tsaye bayan shekara ɗaya zuwa uku da aiki, ya gano cewa waɗanda aka shiga ta gefe sun ninka na gaba da na baya wajen kukan ɗingishi.

A nan akwai darasi game da abin da ake ƙirgawa. Gocewar gaɓa tana komar da mutum asibiti, don haka tana shiga kundi. Ɗingishi kuwa a gida yake zama da mai shi, ba a sake masa aiki, ba ya bayyana a lissafin nasara. Shekaru da yawa hanyar gefe tana da kyakkyawan suna a takarda saboda ba a tambayi masu tafiya da ita ba. Da aka fara tambayar su, likitocin Norway da yawa suka yi ta ƙaura zuwa hanyar baya da ta gaba.

Duk da haka tana da wurin da take da ƙarfi. Tsohon da ya faɗi ya karye a wuyan ƙashin cinya, musamman mai ruɗewar tunani wanda ba zai kiyaye yadda zai zauna ba, gocewa ta fi masa haɗari a kan ɗingishi. Ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta fitar a 2011 ta ba da shawarar a fifita shiga ta gefe-gaba a kan ta baya idan kan ƙashin kaɗai za a sauya wa irin wannan majiyyaci.

6.0 Hanyar Gaba

Ana yawan tallata ta a matsayin sabuwa, amma ta girmi tiyatar kanta. Carl Hueter ya siffanta ta a Jamus a ƙarni na 19, Marius Smith-Petersen ya yaɗa ta daga Boston tun 1917, Robert Judet kuma ya yi amfani da ita wajen dasa gaɓa a Faransa tun 1947, a kan wani gado mai jan ƙafa. Joel Matta ne ya kai salon Faransawan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, daga nan ta bazu.

Majiyyaci rigingine yake kwanciya. Ana tsaga gaban cinya, ƙasa kaɗan da ƙashin ƙugun da ke turowa, a bi ta tsakanin tsokoki biyu waɗanda jijiyoyin saƙonsu daban-daban ne. A ƙa'ida babu tsokar da ake cirewa daga ƙashi, turewa kawai ake yi. Kwanciyar rigingine tana sauƙaƙa ɗaukar hoton ƙashi ana cikin aiki, don a duba zaman ƙoƙo da daidaiton tsawon ƙafafu, abin da majiyyata suke yawan ƙorafi a kansa.

Shin tana sa a warke da wuri? Gwaje-gwajen da aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a sun amsa da e, amma da ɗan kaɗan. A wanda aka yi a asibitin Mayo na Amurka aka buga a 2018, waɗanda aka shiga ta gaba sun ajiye sanda kimanin mako guda kafin na baya. Zuwa wata biyu ko uku tazarar takan rufe, kuma bayan shekara guda ba a iya bambance su. Mako guda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son komawa kasuwa, sai dai gaɓar da ake fatan ta yi shekara ashirin ba a kan makon farko ake yanke mata hukunci ba.

Wahalar hanyar gaba tana wajen ƙashin cinya. Gurbin ƙugu a fili yake, amma bakin ramin cinya yana can ƙasa, sai an banƙare ƙafar an ɗago ƙashin da ƙarfi. A wannan ɗagowa ne ƙashi kan tsage, ko kuma likita, saboda rashin gani sosai, ya sanya sandar da ta yi wa ramin ƙanƙanta, ta zo ta yi sako-sako daga baya. Kundin rajistar Ostareliya, a wani nazari na 2020 da ya ƙunshi ayyuka fiye da 120,000, ya nuna haka ƙarara: jimillar sake aiki ba ta bambanta tsakanin hanyoyin ba, amma dalilan sun bambanta. Hanyar gaba ta fi yawan karaya da sakin sanda, hanyar baya ta fi yawan gocewa da shigar ƙwayoyin cuta. A lardin Ontario na Kanada, wani bincike da aka buga a 2020 ya sami manyan matsalolin tiyata kashi 2 cikin 100 ga hanyar gaba a shekarar farko, da kashi 1 ga sauran hanyoyin. Akwai kuma wata siririyar jijiyar saƙo mai kawo ji daga fatar gefen cinya, wadda take daf da tsagar. Taɓa ta yakan bar sanyin fata ko ƙaiƙayi mai zafi a wurin. Ba ya hana tafiya, yawanci kuma yana raguwa, amma yana faruwa da yawa. Ga mai ƙiba wanda tumbinsa yake rufe matse-matsi, ciwon kan jiƙe da gumi ya yi jinkirin warkewa.

Sai maganar koyo. Masu kula da kundin Ostareliya sun nuna a 2015 cewa likita yana buƙatar yin fiye da aiki 50 ta wannan hanya kafin yawan sake aikinsa ya sauko zuwa na gwanaye. Waɗannan hamsin ɗin mutane ne. Likitan da ya ƙware a hanyar baya, ya bar ta saboda majiyyata suna tambayar wadda suka gani a talla, ya mayar da kansa ɗan koyo a jikin waɗanda suka amince masa. Wannan lissafi ba ya fitowa a tallace-tallacen asibitoci masu zaman kansu.

7.0 Yayin Ƙaramar Tsaga

A farkon shekarun 2000 aka shiga wani yayi, musamman a Amurka, na rage tsawon tsaga zuwa santimita 10 ko ƙasa da haka. Har aka ƙirƙiro salon tsaga biyu ƙanana, ɗaya ta gaba don ƙoƙo, ɗaya ta baya don sanda. Hujjar ta yi daɗin ji: ƙaramin rauni, ƙaramin ciwo, saurin tashi.

Gwajin da ya auna wannan da kyau a Belfast aka yi shi, aka buga a 2005. An raba majiyyata 219 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu tsagar santimita 10 ko ƙasa, wasu ta santimita 16, duka ta hanyar baya, a hannun ƙwararren likita ɗaya. Aka ɓoye wa majiyyatan da masu auna su ko wace tsaga aka yi wa wa. Ba a sami bambanci ba a yawan ciwo, ko buƙatar ƙarin jini, ko lokacin fara tafiya, ko kwanakin zama a asibiti. Salon tsaga biyun kuwa ya fi muni. Binciken gawa a asibitin Mayo ya nuna cewa yana lalata tsoka fiye da ƙaramar tsagar baya, domin ana cusa kayan aiki ne a makance ta cikin nama, kuma gwajin da aka buga a 2008 ya nuna masu shi sun fi jinkirin murmurewa. An watsar da shi.

Saurin tashin da aka gani a wancan lokaci gaskiya ne, amma daga wani wuri ya fito. A daidai shekarun ne aka gyara yadda ake kashe zafi, aka yawaita allurar gadon baya maimakon sa barci gaba ɗaya, aka fara tayar da majiyyaci ya taka a ranar aiki, daga baya kuma aka kawo maganin rage zubar jini. Ƙaramar tsaga ta zo tare da waɗannan, sai aka ba ta yabon da yake nasu.

8.0 Abin da Ya Rage wa Zaɓin Nauyi

Kayan da ake dasawa sun canja. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka samu roba mai jure gogayya, wadda ta ba da damar amfani da ƙwallo mai faɗin milimita 32 ko 36. Babban ƙwallo sai ya yi doguwar tafiya kafin ya haura bakin ƙoƙo, don haka gocewa ta ragu a dukkan hanyoyin. Akwai kuma ƙoƙo mai motsi biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Saint-Étienne ta Faransa a shekarun 1970, wanda ake sanya wa masu haɗarin gocewa.

Zaman ƙoƙon shi ma yana da hannu. Tun 1978 ake koyar da wani ma'auni na kusurwar da ya kamata a zaunar da shi, wato karkata ta digiri 40 da fuskantar gaba ta digiri 15, da rangwamen digiri 10 kowane ɓangare. Sai wani nazari na 2016 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin da suka goce a cikin wannan ma'auni suke zaune. Hankali ya koma kan gadon baya: ƙugu yana juyawa idan mutum ya tashi daga tsaye zuwa zaune, kuma wanda bayansa ya sandare ƙugunsa ba ya juyawa yadda ya kamata, sai gaɓar ta ɗauki dukkan lanƙwasar.

Game da mutuwa, nazarin ayyuka 409,096 na Ingila da Wales ya nuna cewa mace-mace cikin kwana 90 bayan aiki sun ragu daga kashi 0.56 cikin 100 a 2003 zuwa 0.29 a 2011. Hanyar baya tana cikin abubuwan da suka zo tare da ƙarancin mutuwa, haka ma allurar gadon baya da matakan hana daskarewar jini. Sai dai nazarin na lura ne kawai, ba a raba mutane da ƙuri'a ba, don haka bai tabbatar da cewa hanyar ce sanadi ba.

9.0 Majiyyacin Ƙasar Hausa

Kusan dukkan alƙaluman da suka gabata daga tsofaffin Turai da Amurka da Ostareliya aka samo su, masu amosanin gaɓa na tsufa, waɗanda rayuwarsu a kan kujera da gado mai tsayi take. Wanda yake zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano da ciwon kwatangwalo sau da yawa wani mutum ne daban. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, kuma ɗaya daga cikin illolin cutar shi ne toshewar jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ya mutu ya rushe. Mai irin wannan yakan kasance ɗan shekara ashirin da wani abu, kuma sau da yawa ɓangarorin biyu ne suka kamu. Akwai kuma wanda ya karye ya daɗe a hannun maɗori, ya iso bayan watanni ƙafa ta gajarta, nama ya ƙanƙance.

Yanayin zama ma yana da nasa hukunci. Cin abinci a kan tabarma, tsuguno a bayan gida da sujada, duk suna lanƙwasa kwatangwalo fiye da digiri 90 da aka saba gargaɗin masu hanyar baya kada su wuce a makonni shidan farko. A wannan lokaci akan shawarci majiyyaci ya yi salla a kan kujera, a kuma samar masa abin zama mai tsayi a makewayi. Wannan zai sa a ɗauka cewa hanyar gaba ce ta fi dacewa da shi, tunda ita rauninta yana wajen miƙe ƙafa baya da juya ta waje, abin da zaman ƙasa ba ya buƙata.

Amma ƙashin mai sikila yana jan lissafin zuwa ɗaya ɓangaren. Ramin ɓargon cinyarsa yakan toshe da ƙashi mai tauri a wasu wurare, ya yi laushi a wasu, ta yadda abin huda yana iya kaucewa ya ɓulla ta gefe. Wurin da ya fi haɗari a jikinsa shi ne daidai wurin da hanyar gaba ta fi ɓoyewa. Haka nan gaɓar da ta daɗe a lalace tana buƙatar hanyar da za a iya faɗaɗawa. Ga shi kuma matashi ne, wanda kusan tabbas za a sake buɗe shi nan gaba, kuma aikin gyara ya fi sauƙi ta baya ko ta gefe. Shigar ƙwayoyin cuta ta fi yawa ga masu sikila, kuma tsawon lokacin aiki yana ƙara ta, don haka hanyar da hannun likita ya fi sabawa da ita tana da riba ta wannan fuska ma. A inda iyali ne suke haɗa kuɗin gaɓar daga aljihunsu, karayar cinya a tsakiyar aiki tana nufin sayen wata doguwar sanda da ba a yi tanadin kuɗinta ba, wani lokaci ma babu ita a ɗakin ajiyar asibitin a ranar.